Ƙwayar Tazarar Haihuwa a Hannun Matar da Haihuwa ta Yi wa Wuya: Magani ce ko Saɓo?

Da sunan Allah muke farawa, Shi muke gode wa a kan ni'imar lafiya da ni'imar zuriya, kuma gare Shi muke neman tsari daga yin magana a kan abin da ba mu da sani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata Juma'a bayan an sallame, wani magidanci ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da mu ya sassauta murya ya ce: "Allah gafarta Malam, ina da tambaya mai nauyi. Shekara huɗu ke nan da aurenmu, iyalina ba ta taɓa yin ko ɓari ba. Al'adarta sai ta yi wata huɗu ko biyar ba ta zo ba, in ta zo kuma sai ta yi mako uku tana zuba. Na kai ta asibiti, aka yi mata hoton ciki, aka ɗebi jininta. Da muka dawo gida na duba abin da aka ba ta, sai na ga ƙwayoyin nan ne na tazarar haihuwa. Malam, mu da muke roƙon Allah ɗa dare da rana, a ba mu maganin hana ɗa? Anya lokotoron nan ba da wata manufa ya yi ba? Kuma in ta sha, ba mu yi jayayya da hukuncin Allah ba?"

Wannan tambaya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana cikin gidaje da yawa daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, sai dai kunya ta hana a fito da ita. Mun ga ya dace mu yi mata zama na musamman a wannan fitowa, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san ko mene ne shi. Saboda haka za mu fara da sanin ciwon, sannan mu zo ga hukunci, sannan ga haƙƙoƙi.

Mene ne wannan ciwo?

Allah Ya halitta wa mace ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. A al'ada, kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito. In ya haɗu da ruwan namiji, da ikon Allah sai ciki ya shiga. In bai haɗu ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada domin ɗan tayi sai ta zube, wannan shi ne jinin haila. Tsakanin haila da haila a wurin yawancin mata kwana 21 ne zuwa 35.

A cikin ciwon da muke magana, ƙwayaye da yawa sukan fara girma sannan su tsaya a hanya, babu wanda ya nuna ya fito. In aka yi hoton ciki sai a gan su a jere kamar ƴaƴan carbi. Don haka muke kiransa ciwon maƙalewar ƙwai. A takardun asibitin ƙasarmu ana rubuta shi da haruffan Faransanci SOPK, a Najeriya kuma da na Turanci PCOS. Likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su ne suka yi bayaninsa a 1935 bayan sun duba mata bakwai masu alamu iri ɗaya. A 2003 masana suka taru a Rotterdam ta ƙasar Holan suka daidaita a kan cewa ana tabbatar da shi in an sami biyu daga cikin alamu uku, bayan an kore wasu cututtuka masu kama da shi. Alamun su ne rikicewar haila ko ɗaukewarta, da yawan sinadarin maza a jikin mace, da ganin waɗancan ƙwayaye a hoton ciki.

Yawan sinadarin maza shi ne ke fito wa mace da gashi a haɓa da ƙirji, da ƙuraje a fuska, wani lokaci da zubewar gashin kai. Da yawa daga cikinsu kuma jikinsu ba ya jin sinadarin insulin yadda ya kamata, sai ƙiba ta zo musu da sauri, bayan wuya ya yi baƙi, ciwon suga ya matso kusa. Amma akwai siraran mata masu wannan ciwo, kada ƙiba ta zama ita kaɗai ce ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba su san sunan abin da ke damunsu ba. In muka dubi sahun mata a masallacin Idi, mu sani cewa a kowane sahu akwai masu ɗauke da shi.

Ciwo ne da ke bin dangi. Ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne, ba kuma alamar maita ba ce, kamar yadda wasu jahilai ke nuna mace mai gemu da baki. Malamai sun halatta wa mace cire gashin da ya fito mata a haɓa, wasu daga malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma sun wajabta mata.

Me ya sa ba a ƙyale shi?

Wani zai ce, in haila ta ɗauke ai hutu ne, ga salla ga azumi ba yankewa. Abin ba haka yake ba. A jikin mace akwai sinadari mai gina shimfiɗar mahaifa, akwai kuma na biyu mai tsayar da ginin ya shirya ta ga zubewa, shi kuwa na biyun ba ya samuwa sai ƙwai ya fito. In ƙwai bai fito ba, ginin sai ya yi ta hauhawa wata da watanni ba mai tsayar da shi. Ran da ya rushe sai jini ya ɓalle mako biyu, mako uku, har mace ta yi fari fat don ƙarancin jini. In kuwa aka bar shi shekaru a haka, haɗarin sankarar mahaifa yakan ninka a kan na sauran mata, ko da yake masu kamuwa da ita kaɗan ne. Shi ya sa likitoci ba sa son mace mai wannan ciwo ta wuce kwana 90 ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba kuma magani take sha ba.

Akwai kuma wahalar ibada, wadda likita ba ya gani amma mu muna gani. A mazhabarmu, haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada sananniya kuma tana ƙara kwana uku a kan al'adarta matuƙar ba ta haura 15 ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Matar da ba ta da tsayayyar al'ada kullum tana cikin kokwanto a kan sallarta da azuminta da shimfiɗar mijinta. In ƙaddarar saki ta faɗa mata kuma hailarta ta ɗauke ba don shayarwa ba, iddarta takan kai shekara, wata tara na jira da wata uku na idda. Wata kuma in jini ya ɗauke mata wata shida, sai tsofaffi su ce kwantaccen ciki ne, a yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu ana jiran ya tashi, alhali gwajin fitsari da hoton ciki za su raba gardama a yini ɗaya. Maganar malaman farko a kan tsawon zaman ciki an yi ta ne don kare nasaba da mutuncin mace a gaban alƙali. Ba su yi ta don a hana mara lafiya zuwa asibiti ba.

Abin da malamai suka tsayar

Tsayar da ciki na ɗan lokaci ba sabon abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Jabir ɗan Abdullahi, cewa sahabbai suna yin azlu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin da wahayi ke sauka, kuma ba a hana su ba. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya shardanta cewa ba a yi wa ƴa mace azlu sai da izininta, domin ita ma tana da haƙƙi a cikin ɗa da kuma jin daɗin aure. Akwai malaman da suka karhanta shi, kuma ba ma ɓoye wannan.

A watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta fitar da matsaya mai sassa uku. Bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan ƴaƴa ba. Haramun ne a kashe ƙarfin haihuwa na namiji ko mace gaba ɗaya sai da larurar da Shari'a ta yarda da ita. Ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki ko su sa tazara saboda wata buƙata da Shari'a ta amince da ita, bisa shawara da yardar juna, da sharaɗin kada a cutu, hanyar ta zama halattacciya, kuma kada a taɓa cikin da ya riga ya shiga.

To, in wannan shi ne hukuncin lafiyayyiya mai son hutu tsakanin goyo da goyo, ina ga mara lafiya wadda aka rubuta wa ƙwayar domin ta tsayar mata da jini?

Suna ɗaya, buƙata biyu

A nan ne mai tambayarmu ya rikice, kuma muna yi masa uzuri. Ya ga kwali, ya ga sunan da aka san kwalin da shi, sai ya yanke hukunci da sunan. Amma Shari'a tana duban haƙiƙar abu da nufin mai yinsa. Wuƙar da mahauci ke yanka halal da ita, ita ce ɓarawo ke tare hanya da ita, kuma ba wanda ya taɓa haramta wuƙa.

Ƙwayar nan mai haɗin sinadari biyu tana kawo wa mace daga waje abin da jikinta ya gaza daidaitawa. Tana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri, tana sa jini ya zo kowane wata a kan lokaci, tana rage sinadarin maza har ƙuraje su lafa, gashin haɓa ya ragu bayan wata shida ko fiye. Saboda haka ne jagorar likitoci ta ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2018, aka sabunta a 2023, ta sa ta a matsayin maganin farko ga rikicewar haila da yawan gashi a wannan ciwo, tare da shawarar a zaɓi mai ƙaramin awo. Hana ciki yana cikin aikinta, wannan gaskiya ne, kuma muddin mace tana shanta kada ta sa ran ciki. Amma ba ta kashe ƙwai, ba ta taruwa a mahaifa kamar yadda ake faɗa a gidajen biki, kuma in aka daina ta jiki yakan koma yadda yake cikin ɗan lokaci. Matar da ta daina ta ga al'adarta ta sake rikicewa, ciwonta na asali ne ya dawo, domin ƙwayar tana danne shi ne, ba ta warkar da shi.

Daga nan muka ce wa mai tambayarmu: mai yiwuwa likita ya ga jinin da ke zuba shi ne abin gaggawa, ya so ya tsayar da shi tukuna. Amma shin kun faɗa masa a fili cewa haihuwa kuke nema yanzu? Sai ya yi shiru. Ya ce shi a waje ya tsaya, ita kuma kunya ta hana ta magana. Muka ce, to ku koma tare, ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Kowace mace da abin da ya dace da ita

Ba mu likitoci ba ne, kuma wannan takarda ba ta maye gurbin ganin likita. Abin da muke so shi ne magidanci da iyalinsa su shiga ɗakin likita da idonsu a buɗe. Matan da ke da wannan ciwo sun kasu, kuma zaɓinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce mai neman ciki yanzu. Wannan maganinta na dogon lokaci ba hana ciki ba ne. Akwai magungunan da ke sa ƙwai ya nuna ya fito, irin su letrozole, wanda jagorar da muka ambata ta sa a gaba, da clomifène wanda aka daɗe ana amfani da shi. Akwai metformine ga wadda jikinta ba ya jin insulin. Akwai kuma ƙwaya mai sinadari ɗaya da ake sha na kwana 10 zuwa 14 domin a saukar da jini a wanke mahaifa, wadda ba ta hana ciki. Mai ƙiba in ta rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, sau da yawa al'adarta takan daidaita. Yawancin masu wannan ciwo suna haihuwa, wasu da magani, wasu ba magani. Kiran irin wannan mace juya ƙarya ne kuma zalunci ne. Muna kuma gargaɗi a kan sayen maganin sa haihuwa a tiren masu talla a kasuwa, domin shansa ba awo yana da haɗari. Miji shi ma a gwada shi, don sau da yawa matsalar tana wurinsa ko wurin su biyun.

Ta biyu ita ce wadda ta haihu, tana son hutu. Kada ta ce ai ni da ƙyar nake samun ciki, ba na buƙatar komai. Ƙwai yakan fito ba sanarwa, sai ta wayi gari da ciki a kan goyo, ga kuma haɗarin ciwon suga da hawan jini na masu ciki, wanda ya fi yawa a wurin masu wannan ciwo. Hanyar ƙidayar kwanaki da carbin al'ada ba ta yi mata, domin an gina ta ne a kan matar da al'adarta ke zuwa tsakanin kwana 26 da 32. Shayarwa kuwa tana karewa ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. A watannin farko na shayarwa ba a son ƙwaya mai sinadari biyu, ana ba da mai sinadari ɗaya ko wata hanya.

Ta uku ita ce wadda ƙwaya mai sinadari biyu za ta cutar. Wannan ƙwaya tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ba a ba da ita ga mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido, da mai sankarar nono, da mai shan taba da ta kai shekara 35. Ƙiba mai yawa ma abin dubawa ce. Ga irin wannan mace, shan ƙwayar ba tare da awon jini ba jefa kai ne cikin halaka, kuma Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa. Tana da wasu ƙofofi. Robar da ake sa wa a mahaifa mai sakin sinadari kaɗan-kaɗan tana kare shimfiɗar mahaifa shekara biyar ko fiye, tana rage zubar jini, ko da yake ba ta rage gashi. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana hana ciki har shekara goma, amma ba ta maganin ciwon, tana ma iya ƙara jini. Ashanar da ake sa wa a damtse tana aiki shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, sai dai takan kawo ɗigon jini ba kan lokaci ba. Allurar wata uku tana da sauƙi da sirri, amma takan ƙara ƙiba, kuma haihuwa takan yi jinkirin dawowa watanni da yawa bayan an daina, don haka mai ƙiba ko mai son ciki nan kusa ta yi tunani kafin ta zaɓe ta.

Akwai ma wurin da tsayar da ciki ke zama wajibi na ɗan lokaci. Wasu magungunan rage gashin jiki suna iya ɓata halittar ɗan tayi namiji. Wadda aka ɗora a kansu, kare kanta daga ciki kare ɗa ne daga cuta.

Wata mas'ala da ya kamata a sani: jinin da magani ya saukar yana da nasa bayani a littattafan mazhabarmu, musamman game da idda. Wadda abin ya shafa ta tambayi malami ko malama, ta faɗi irin maganin da take sha.

Haƙƙin miji da haƙƙin mata

Haihuwa haƙƙi ne na su biyu. Kamar yadda miji ba shi da ikon hana matarsa ɗa ba da yardarta ba, haka ita ma ba ta da ikon hana shi ɗa a ɓoye. Shi ya sa ba ma goyon bayan mace ta ɓoye ƙwaya a ƙasan tukunya ko cikin ƙullin zane tana sha ba da sanin mijinta ba. Ran da ya gani, amana ta rushe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma mu tambayi kanmu, mu maza, me ya sa take ɓoyewa? Sau da yawa domin ta san in ta faɗa, ba tambaya za ta biyo baya ba, tsawa ce ko barazanar saki. Mijin da ya rufe ƙofar shawara yana da kaso a cikin laifin ɓoyewa. Kuma izinin da Shari'a ta ba miji amana ce da za a tambaye shi a kanta. Ba a ba shi ita don ya zuba ido matarsa na zubar da jini har ta faɗi ba. In likita amintacce ya tabbatar cewa barin magani zai cutar da ita, hana ta zalunci ne, kuma ya kamata waliyyai da malamai su sa baki. Haƙƙinsa na samun ɗa yana nan, jinkirta shi kawai aka yi. Lafiyarta kuwa in ta lalace ba lalle ta dawo ba, kuma mahaifar da aka bari ta lalace ita ce dai ake jiran ɗan daga gare ta.

Muna kira ga uwayen miji da dangi su ji tsoron Allah game da gori. Saratu matar Annabi Ibrahim sai da ta tsufa ta sami Is'haƙa. Matar Annabi Zakariyya ta daɗe ba ta haihu ba kafin Yahaya. Uwar muminai A'isha ba ta haihu ba har ta koma ga Allah, kuma babu abin da ya ragu daga darajarta. Suratu Shura ta sanar da mu cewa bayar da ƴaƴa mata ko maza ko hana su gaba ɗaya yana hannun Allah Shi kaɗai. Wanda ya goranta wa mace rashin haihuwa, ya duba da wa yake faɗa.

Budurwa da mugun zato

Wannan ciwo yakan fara ne tun ƴan shekaru bayan balaga. Rikicewar al'ada a shekarun farko abu ne da aka saba, amma in ta daɗe, ga gashi ga ƙuraje, a kai yarinya a duba ta. Wani lokaci likita zai rubuta mata wannan ƙwaya alhali ba ta yi aure ba. A nan ne Shaiɗan ke samun kasuwa. Wata ƴar'uwa ta ga kwali a jakarta, kafin la'asar labari ya zagaye unguwa, manemi ya janye, uba ya ɗauki bulala. Ya ku ƴan'uwa, jifan kamammiyar mace da alfasha yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma Shari'a ta sa masa bulala 80. Kwalin magani ba shaida ba ne. Uwa ta raka ƴarta asibiti, uba ya san abin da aka rubuta da dalilinsa, ma'aikacin asibiti da mai sayar da magani su riƙe sirri, domin sirrin mara lafiya amana ce.

Ƙaddara da tawakkali

Saura tambayarsa ta ƙarshe: ba jayayya da Allah ba ne? Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci bayin Allah da neman magani, shi da kansa ya yi magani, kuma ya koya wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ya nuna wa masu jayayya cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Ran da Allah Ya rubuta zai zo duniya, babu ƙwayar da za ta tare shi. Mu dai an ɗora mana riƙon sababi ne da kyautata niyya.

Mun san dalilin da ya sa zukatan mutanenmu ke ɗar-ɗar da duk abin da ya shafi tsarin iyali. Tun lokacin taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994, Musulmi da yawa suke ganin akwai masu son rage mu da sunan taimako, kuma ganin ana ba da waɗannan magunguna kyauta a asibitocin gwamnati ya ƙara wa wasu shakka. Hattara abu ne mai kyau. Amma manufar wani a can nesa ba ta canza abin da ke faruwa a mahaifar ƴar'uwarmu a nan. In muka hana ta magani don mu ɓata wa baƙo rai, ita ce za ta kwana da ciwon, shi yana barcinsa. Maganin shakka shi ne mu tura ƴaƴanmu mata su karanta likitanci da ungozomanci, mu sami waɗanda muka amince da addininsu da iliminsu.

Nasiharmu a taƙaice

Matar da al'adarta ta ɗauke fiye da wata uku ba ciki ba goyo, ko take zuba fiye da kima, a kai ta asibiti. Miji ya shiga tare da ita in ta yarda, su faɗa wa likita abin da suke so, ciki yanzu ko hutu. A auna hawan jini da suga kafin a fara kowace ƙwaya, kuma a faɗi duk ciwon da aka taɓa yi. Kada a ari maganin maƙwabciya. A rage suga da lemun kwalba da soye-soye, a yawaita tafiya da ƙafa. A haɗa duk wannan da addu'a da sadaka da haƙuri.

Mai tambayarmu ya tashi ya ce zai koma da ita ranar Litinin. Muna roƙon Allah Ya ba iyalinsa lafiya, Ya azurta su da zuriya ɗayyiba, Ya yaye wa dukkan matan Musulmi abin da ke damunsu a ɓoye da sarari, Ya sanya tausayi da gaskiya tsakanin ma'aurata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.